Bakin Rijiya: Kare Yara a Intanet da 'Yancin Faɗar Albarkacin Baki

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Jos da kewayenta, tun daga Bukuru har zuwa Barikin Ladi, ya san kududdufan kuza. Ramuka ne waɗanda kamfanonin haƙar ma'adinai suka tona tun zamanin Turawa, suka kwashe abin da ya kawo su, suka tafi suka bar su a buɗe, ruwan damina ya zo ya cika su. Daga nesa kududdufin kuza abin sha'awa ne. Manoman rani suna ban-ruwa da shi, mata suna wanki a gefensa, masu wankin mota suna cin abinci da shi. Amma iyaye sun san zurfinsa, kuma ƙauyuka da unguwanni da yawa sun taɓa zaman makokin yaron da ya tafi wanka bai komo ba. Duk da haka, ba mu taɓa jin wanda ya kawo shawarar a hana mutanen Filato fita bayan gari, ko a hana manomi ɗiban ruwa, don kududdufi ya ci yaro ba. Abin da masu hankali suke kira a yi shi ne a cike ramin da ya zama tarko, a killace wanda ake mora, sa'an nan a tuhumi wanda ya tona ya bari.

Mun kawo wannan misali ne saboda a zamanin nan an tona mana wani sabon kududdufi wanda bai tsaya a bayan gari ba, ya shigo har ɗakunan kwananmu, watau intanet. Wayar da uba ya saya wa ɗansa a Taminus don ya riƙa karatu yana gaisawa da dangi, ta cikinta ne mugu yake iske yaron ba tare da ya yi sallama a zaure ba. Saboda haka gwamnatocin duniya, har da tamu, suka yi dokoki don kare yara daga masu lalata da su ta wannan hanya. Sai dai kuma kusan duk inda aka yi irin wannan doka, sai an ji 'yan jarida da marubuta da lauyoyi suna kukan cewa ana shirin toshe musu baki. Tambayar da wannan maƙala za ta duba ke nan: shin dole ne sai mun zaɓi ɗaya, ko dai mu tsare yaro ko mu tsare 'yancin faɗar albarkacin baki? Ra'ayinmu shi ne ba dole ba ne, kuma dokar da ta rufe bakin jama'a da sunan yaro, yaron shi ne farkon wanda za ta cuta.

Abin da Ake Gudu

Kafin mu shiga muhawara ya kamata mu san girman ramin, domin wanda bai san zurfin ruwa ba shi ke gardama da mai hana wanka. Cutar da ake yi wa yara ta intanet iri-iri ce, amma uku sun fi fitowa fili. Ta farko ita ce ɗaukar hoto ko bidiyon lalata da yaro, a yaɗa shi ko a sayar. Ta biyu ita ce yaudara, inda babban mutum zai shiga shafin sada zumunta da sunan ƙarya da hoton ƙarya, ya yi ta jan yaro a jiki da daɗin baki da 'yan kyaututtuka irin su katin waya, har yaron ya saki jiki da shi, sa'an nan ya nemi su haɗu. Ta uku ita ce barazanar tonon asiri, watau a ruɗi yaro ya aiko da hoton tsiraicinsa, da zarar ya aiko sai murya ta sake, a ce masa ko ya biya kuɗi ko a aika wa iyayensa da abokansa.

Wannan ta ukun ta jawo wa ƙasarmu abin kunya a idon duniya. A watan Maris na 2022, wani yaro ɗan shekara 17 a Jihar Michigan ta Amurka ya kashe kansa cikin sa'o'i kaɗan bayan an ɗana masa irin wannan tarko ta Instagram. Bincike ya bi sawu har Legas. A 2023 aka miƙa wasu samari biyu, wa da ƙane, ga hukumomin Amurka, kuma a watan Satumba na 2024 kotu ta ɗaure kowannensu shekara 17 da rabi. A watan Yuli na 2024 kuma, kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya ba da sanarwar rufe shafukan Instagram kimanin 63,000 a Nijeriya saboda wannan sana'a. Kada mai karatu ya ɗauka cewa 'ya'yan Turawa kaɗai wannan cuta take ci. Yaron Rikkos ko yarinyar Tudun Wada sun fi sauƙin kamu, domin ba su da hukumar da za ta bi musu sawu har ƙetaren teku, kuma kunya za ta rufe musu baki tun kafin mugun ya buƙaci yin haka.

Abin da Doka ta Tanada

Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 a shekarar 1991. A 2003 aka yi Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya, wadda Jihar Filato ta mayar da ita dokar jiha a 2005. Amma dokar da ta fuskanci intanet kai tsaye ita ce Dokar Laifuffukan Intanet, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayu na 2015. Sashe na 23 na wannan doka ya haramta shirya hoton batsa na yara, da tallata shi, da yaɗa shi, ya kuma tanadi ɗaurin shekara 10 ko tarar da ba ta wuce Naira miliyan 20 ba, ko duka biyun. Wanda ya nemo irin wannan hoto ko ya ajiye shi a kwamfuta ko waya, zai iya shan ɗaurin shekara 5 ko tarar Naira miliyan 10. Har ila yau, sashen ya haramta yaudarar yaro ta intanet da nufin haɗuwa da shi don lalata, ya kuma fayyace cewa yaro shi ne wanda bai kai shekara 18 ba.

A ɗaya gefen kuma, sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin riƙe ra'ayi da karɓa da isar da bayani ba tare da tsangwama ba, sashe na 37 ya tsare sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Sai dai sashe na 45 ya buɗe ƙofa, inda ya yarda a taƙaita waɗannan haƙƙoƙi don tsaron ƙasa, da zaman lafiya, da tarbiyyar jama'a, da kare haƙƙin wasu, matuƙar dokar tana da hujjar da hankali zai ɗauka a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Duk rigimar tana bakin wannan ƙofa ce: yaya faɗinta, kuma wa ke riƙe da mabuɗinta?

Shin Hoton Cin Zarafi Magana ne?

Don me ake girmama 'yancin magana tun farko? Ana girmama shi ne domin ta hanyar musayar ra'ayi ake rarrabe gaskiya da ƙarya, ta hanyarsa talaka yake tuhumar mai mulki, kuma mutumin da aka hana shi faɗin abin da ke ransa an rage masa mutunci. To, idan muka ɗora hoton lalata da yaro a kan wannan ma'auni, za mu ga bai cika ko ɗaya ba. Ba ra'ayi ne da za a amsa da wani ra'ayi ba. Kafin hoton ya samu sai da aka aikata laifi a kan jikin wani yaro mai rai, mai suna, mai uwa da uba. Hoton ragowar laifin ne, kamar yadda jini a jikin wuƙa yake ragowar kisa. Daɗin daɗawa, cutar ba ta ƙarewa ranar da aka ɗauke shi. Hausawa kan ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Hoto a intanet ya fi haka muni, domin yarinyar da aka yi wa tana shekara 12 za ta kai shekara 30 tana fargabar ko baƙon da ya dube ta a kasuwa ya taɓa gani. Wanda kuma ya saya ko ya nema, shi ne ya buɗe kasuwar da za ta sa a cuci wani yaron gobe.

Ko a Amurka, inda ake wa 'yancin magana riƙon da ya fi na kusan kowace ƙasa, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci tun a 1982 cewa irin wannan hoto ba ya cikin maganar da tsarin mulki ya kare, bisa hujjojin da suka yi kama da waɗannan. Saboda haka a tsakiyar al'amarin babu wani karo tsakanin yaro da 'yanci. Wanda ya ɗaga tutar 'yancin magana don ya kare wannan kasuwa, ya ɗauki sunan da ba nasa ba.

Wahalar tana gefe-gefe ne, kuma gefen farko ya shafe mu, mu masu alƙalami. Marubucin da ya ba da labarin yarinyar da aka zalunta fa? A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da littafinta Wa Zai Auri Jahila?, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho ba da son ranta ba. Littafin ya nuna cutar da aka yi wa yarinya domin mai karatu ya ƙi cutar, kuma ba a taɓa jikin kowace yarinya ba kafin a rubuta shi. Akwai tazara mai nisa tsakanin bayyana zalunci da aikata shi, kuma dokar da ba ta ga wannan tazara ba za ta kama likita ta bar cuta. Abin yabo ne cewa sashe na 23 ya taƙaita kansa a kan hoton da ido ke gani, bai taɓa labari ko rahoto ko darasin aji ba.

Gefe na biyu shi ne hoton da na'ura ta ƙirƙira. A 2002 Kotun Ƙolin Amurka ta soke wani ɓangare na dokar 1996 da ya haramta irin waɗannan hotuna, bisa hujjar cewa ba a cuci wani yaro na gaske wajen yin su ba. Dokarmu ta 2015 ta bi wata hanya, ta haɗa har da hoton da ya yi kama da na gaske. A ganinmu zamani ya gaskata dokarmu a nan, domin da ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta ana iya ɗauko fuskar yarinya daga hoton biki ko na saukar karatu a liƙa ta a kan abin da ba ta taɓa yi ba. Fuskar tata ce, kunyar ma ita za ta sha.

Maƙwabcin Sashe na 23

Idan sashe na 23 ya tsaya a kan laifi sananne, maƙwabcinsa na jikin katanga, watau sashe na 24, bai tsaya ba. Kamar yadda aka rubuta shi a 2015, ya haramta aika saƙon da ya yi muni ƙwarai ko na rashin ɗa'a, da saƙon ƙarya da aka aika don a ɓata wa wani rai, ko a takura masa, ko a zage shi, ko a jefa shi cikin damuwa, da hukuncin ɗaurin shekara 3 ko tarar Naira miliyan 7. Mai karatu ya dubi waɗannan kalmomi da kyau. Wane rahoto ne a kan almundahana ba ya ɓata wa wani rai? Wace waƙar gargaɗi ce ba ta jefa azzalumi cikin damuwa? Kalma irin wannan kamar babbar riga ce, duk wanda mai iko ya ga dama sai ya zura masa ita.

Haka kuwa aka yi. Kwamitin Kare 'Yan Jarida na duniya ya ƙirga aƙalla 'yan jarida 25 da aka gurfanar ƙarƙashin wannan doka kafin a yi mata gyara. Kotun ƙungiyar ECOWAS ta yanke hukunci har sau biyu, a 2020 da 2022, cewa sashe na 24 ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, ta umarci Nijeriya ta gyara shi. A watan Fabrairu na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan gyaran, aka cire kalmomin ɓacin rai da zagi, aka bar batsa da ƙaryar da aka yi don ta da tarzoma ko barazana ga rai. Amma ko wata uku ba a yi ba, a watan Mayu na 2024, 'yan sanda suka kama ɗan jarida Daniel Ojukwu da sunan wannan doka saboda wani rahoto a kan kuɗin gwamnati, ya shafe fiye da mako guda a tsare.

Abin lura a nan shi ne, doka ɗaya ce, sassa biyu a jere. Ɗaya an yi shi don yaron da ba shi da kowa, ɗaya kuma ya zama makamin babban mutumin da yake da kowa. Mai karatu ya tambayi kansa wanne ya fi jin labarinsa a rediyo da jaridu. Wannan shi ne abin da Hausawa suke kira fakewa da guzuma a harbi karsana. Ɓarnarsa kuma ninki biyu ce, domin bayan bakin da aka rufe, jama'a sukan yanke ƙauna da dokar gaba ɗaya, har ranar da aka zo da maganar kare yara da gaske sai a ɗauka wata dabarar ce.

Darasin Kano

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga yadda kyakkyawar niyya take wuce gona da iri. A watan Mayu na 2007, hukumar A Daidaita Sahu ta Jihar Kano ta shirya ƙona littattafan soyayya na Hausa a wata makarantar 'yan mata, da hujjar kare tarbiyyar ɗalibai. A watan Agusta na shekarar, wani bidiyon sirri na wasu mutum biyu baligai, ɗaya daga cikinsu 'yar fim, ya bazu ta wayoyin hannu. Abin da ya biyo baya ya wuce mutum biyun nesa. An dakatar da shirya finafinai na tsawon watanni, Hukumar Tace Finafinai ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista, kuma a watan Disamba na 2008 aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama bisa zargin fitar da fim ɗinsa Tsintsiya ba da izini ba, alhali fim ɗin yana kira ne ga zaman lafiya tsakanin ƙabilu. Daga baya babbar kotu ta soke hukuncin. A wannan tsakani wasu masu shirya fim suka kwashe kayan aikinsu zuwa Kaduna da nan Jos, garin da Hukumar Finafinai ta Nijeriya da makarantarta suke.

Ba mu ce iyayen da suka damu da abin da 'ya'yansu suke karantawa ba su da gaskiya ba. Damuwarsu halas ce. Amma toka ba ta tantance littafin da ya koyar da banza da wanda ya faɗa wa yarinya cewa tana da ikon ta ce a'a. Irin wannan darasi Amurka ta koya a 1997, sa'ad da Kotun Ƙolinta ta soke sassan wata doka ta 1996 waɗanda suka haramta duk abin da aka kira rashin ɗa'a a intanet don kada yara su gani. Kotun ta ga cewa ba a mayar da dukan manya yara don a tsare yara.

Gidan da Aka Rubuta wa "Ba Shiga"

Gefe na uku, wanda ya fi sauran wuya, shi ne hanyar kama mai laifi. Saƙonnin WhatsApp tun 2016 a kulle suke, ta yadda ba mai iya karanta su sai wanda ya aika da wanda aka aika wa, ko kamfanin ma ba ya iyawa. Wannan kulli shi ke tsare ɗan jarida da wanda ya tsegunta masa labari, kuma shi ne dai mugu yake ɓuya a bayansa. Saboda haka wasu gwamnatoci suka ce a duba saƙon kowa don a gano na masu laifi. Kamfanin Apple ya ba da sanarwar irin wannan shiri a 2021, ya janye shi a 2022 bayan suka mai yawa. Tarayyar Turai ta gabatar da nata ƙudurin a 2022, aka shafe shekaru ana jayayya a kansa. Ingila ta yi dokarta a 2023, kuma daga watan Yuli na 2025 ta tilasta wa wasu shafuka su tabbatar da shekarun mai shiga. Ostareliya kuwa ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi a manyan kafafen sada zumunta daga watan Disamba na 2025.

Al'adarmu tana da amsar da ta dace a nan. A ƙofar gidan Bahaushe akan rubuta "ba shiga", kuma ko mai unguwa ba ya wuce zaure sai da izini. Amma ranar da aka ji kururuwar yaro daga cikin gida, maƙwabta za su faɗa, ba mai cewa sun yi laifi. An shiga ne saboda dalili, gida ɗaya aka shiga, kuma a gaban shaidu. Abin da al'ada ba ta taɓa yarda da shi ba shi ne a ciccire ƙofofin gari duka don wataƙila akwai mugu a wani ɗaki. Dokarmu ta 2015, a sashe na 39, ta ce alƙali ne zai ba da umarnin sauraren saƙonnin wanda ake zargi, kuma nan ya kamata a tsaya. Mabuɗin da yake buɗe kowane ɗaki ba ya zama a hannun wanda aka ƙera shi dominsa. Mun ga yadda aka rufe Twitter a ƙasar nan daga watan Yuni na 2021 zuwa Janairu na 2022 bayan kamfanin ya goge wani saƙo na shugaban ƙasa. Wanda ya ga haka yana da hujjar tambayar inda mabuɗin zai kwana.

Hujjar da ta Fi Ƙarfi a Kanmu

Adalci ne mu kawo hujjar masu saɓa mana, kuma mu mutanen Jos mun fi kowa saninta. Za su ce: ku da kuka ga Satumba na 2001, da Nuwamba na 2008, da Janairu na 2010, har kuna da bakin kare 'yancin magana? A watan Yuni na 2018, bayan kashe-kashen da aka yi a yankin Gashish na Barikin Ladi, wasu hotuna masu tayar da hankali sun bazu a Facebook, ciki har da na wani jariri da aka sassara. Binciken da BBC ta fitar a watan Nuwamba na shekarar ya nuna cewa hoton jaririn ya riga rikicin fitowa da watanni, wani bidiyon kuma a Kwango aka ɗauke shi tun 2012. Amma kafin gaskiya ta fito, ran 24 ga watan Yuni an tare hanya an kashe matafiya 11 da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Jaririn nan an cuce shi sau biyu, da farko da makami, daga baya aka mai da hotonsa makami.

Wannan hujja gaskiya ce, kuma ba mu da niyyar kauce mata. Baki shi ke yanka wuya, a Jos kuwa ya yanka wuyan waɗanda ba su yi maganar ba. Wanda ya yaɗa ƙarya da gangan don a zubar da jini ya cancanci hukunci, kamar yadda mai yaɗa hoton lalata da yaro ya cancanta, domin dukansu aiki suka aikata mai cutar da wani sananne. Amma mu dubi abin da ya tona asirin ƙaryar 2018. 'Yan jarida ne suka bi diddigin hotunan, suka faɗa wa duniya inda suka fito. Da a ce an rufe bakin kowa don gudun fitina, da mai ƙaryar ya ci gaba da raɗa a ɓoye, mai gaskiyar kuma ya rasa inda zai ƙaryata shi.

Kunya da Shiru

A nan ne muka zo ga abin da muke ganin shi ne zuciyar al'amarin. Jarin mai lalata da yaro shiru ne. Duk dabararsa a kan abu ɗaya take tsaye, watau tabbacin cewa yaron ba zai faɗa ba. Mu ƙaddara wata yarinya 'yar shekara 14 a Gangare ta faɗa irin wannan tarko. Abin da zai cece ta shi ne ta iya buɗe baki ta gaya wa uwarta ko yayarta ko malamarta tun a daren farko. Amma ta taso a gidan da ba a ambaton irin wannan magana, ta ji an ce yarinyar kirki ba ta sanin waɗannan abubuwa, kuma ta ga yadda aka yi da wata a unguwa, aka bar wanda ya yi ɓarnar aka bi ta da yatsa. Sai ta yi shiru ta biya, gobe a sake nema.

Kunya ado ce a wurinmu, ba mu kuma fatan ranar da za a rasa ta. Amma kunyar da ta hana uwa gargaɗin 'yarta da kalmomin da za ta fahimta, ta hana uba kai ƙara don kada sunan gida ya ɓaci, ta sa a sasanta a zaure a bar mugu ya koma wata unguwa, wannan kunya ta koma yi wa azzalumi aiki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yaro yana buƙatar malamin da zai yi bayani a aji ba tare da tsoron a ce ya koyar da batsa ba. Yana buƙatar mai wa'azi a masallaci da coci da zai kira laifin da sunansa, da ɗan jaridar da zai bi shari'ar ko da wanda ake zargi mai kuɗi ne ko mai rawani, da marubucin da zai sa yarinya ta gane kanta a cikin labari ta san ba ita ce mai laifi ba. Duk waɗannan magana suke yi, kuma su ne farkon waɗanda doka mai faɗin baki takan tsorata. Mugu dama a ɓoye yake aikinsa, dokar hana magana ba ta rage masa komai.

Kammalawa

Bakin rijiya ba wurin wasan yaro ba ne, amma gari ba ya rayuwa sai da rijiya. Bisa ga abin da ya gabata, muna ganin akwai tambayoyi huɗu da ya kamata mu yi wa kowace doka da aka kawo mana da sunan kare yara. Shin ta ambaci laifin da kalmomin da ba za a iya miƙa su su rufe mai suka ba? Shin wanda za ta kama shi ne mai cutar da yaro, ko mai ba da labarin cutar? Shin alƙali ne yake ba da izinin shiga sirrin mutum, bisa zargi a kan mutum sananne? Shin ta ɗora wa kamfanonin da suka tona ramin, suke kuma cin ribarsa, nauyin killace shi, har da ɗaukar ma'aikatan da suka iya Hausa da Birom da sauran harsunanmu don duba ƙorafi? Sashe na 23 ya amsa ta farko da ta biyu, saura a ga ana aiki da shi, a horar da 'yan sanda da masu gabatar da ƙara, a kuma tsare sunan yaron da ya zo da kuka. Sashe na 24 kuwa, ko bayan gyaran 2024, yana buƙatar ido a kansa.

Sauran aikin namu ne, ɗalibai da malamai. Da yawanmu muna da ƙanne a gida waɗanda suka fi sakin jiki da mu a kan iyayenmu, kuma mu ne muka san wayar fiye da su. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Idan muka koma gida hutu, mu zauna da ƙanenmu da ƙanwarmu mu gaya musu yadda tarkon yake, mu kuma yi musu alkawarin cewa duk ranar da wani ya yi musu barazana da hoto, in sun zo sun faɗa mana, ba duka ba zagi, tare za mu tafi wurin hukuma. Sa'an nan mu ɗauki alƙalami mu rubuta a kan wannan al'amari da harshenmu, a gajeren labari da waƙa da wasan kwaikwayo, domin yaron da ya taɓa jin labarin rami ya fi wanda aka ɓoye masa saurin gane bakinsa.